Ranar Da Bangon Gwamnati Ya Huce

Jama'a, kafin wani ya riga ni ba ku labari ya ƙara masa gishiri: eh, gaskiya ne, na faɗi a taɓo. Amma ku ji yadda aka yi daga bakin mai faɗuwar.

Wata Litinin ce a farkon watan nan. Na fito da sassafe ɗauke da bahon wanki a ka, ruwan sama na gangaro mini ta ƙeya, na bi ta bayan dogon ginin nan na gwamnati kamar yadda na saba. Na sauke baho, na jingina bayana da bango don ƙashina ya sha ɗumi kafin in fara shanya. Sai na ji sanyi. Na ce ko bayan nawa ne ya mutu ban sani ba? Na ɗora tafin hannu. Sanyi ƙalau, kamar gindin randa. Na ja da baya in ƙare wa bangon kallo, santsi ya kwashe ni, na zauna daɓas, baho ya kife, wandunan mutane suka kama hanyar kwata. Abokina mai facin taya, wanda rumfarsa ke kallon tawa, ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Baba Mai Bango," in ji shi, "yau kuma bangon ya ba ka takardar sallama ke nan?"

Na ce masa ya zo ya ɗaga ni tukuna, in ya so mu yi rashin mutuncin a tsaye.

Ga wanda bai san ni ba, in akwai irinsa a garin nan, wanki da guga ne sana'ata. Ban taɓa zama a aji ba, kuma ban ga abin da na rasa ba. Wannan da kuke karantawa ni ke faɗa, mijin 'yata ke rubutawa. In kun ga magana mai daɗi tawa ce, in kun ga kuskure nasa ne, shi da ya yi makaranta. Ambaliya ta tafi da ɗakina, ni ban tafi ba. Mota ta taɓa kifewa da mu, aka zaƙulo ni daga ƙarƙashin buhuna ina tambayar ina hulata. Wani likita ya taɓa ce wa iyalina su yi haƙuri, su fara sanar da dangi. Ni na wanke kayan da 'ya'yansa suka sa ranar makokinsa, kuma ban karɓi ko kwabo ba. Hukuma ta rushe rumfata har na daina lissafi, duk waɗanda suka ba da umarnin an sauke su, ni ga ni nan ina matse riga.

Shi ginin da nake gaya muku ba shi da taga ko ɗaya. A ciki gwamnati ke ajiye abin da ta sani a kanmu: sunanka, ranar da aka haife ka, lasisinka, harajin da kake gudu. Duk suna cikin wasu manyan kwamfutoci da aka jera a kabad-kabad na ƙarfe. Su kuwa kwamfutocin nan zazzaɓi gare su, ba sa rabuwa da zafin jiki, saboda haka aka sa musu na'urorin sanyi masu zuƙe zafin su watso shi waje ta bangon baya, ta bakin wasu fankoki masu faɗin tayar babbar mota. Iska mai zafi, ba dare ba rana. Mutane na wucewa suna kare fuska suna tsaki. Masu digiri sun wuce, 'yan kasuwa sun wuce. Ni kaɗai na tsaya na ce wannan ai arziki ne ake zubarwa. Na kafa sanduna, na ɗaura igiyoyi.

Tun daga nan damina ta daina ba ni tsoro. Sauran masu wanki suna ɗaga kai suna roƙon gajimare, ni in na shanya da safe, kafin rana ta raba tsaka na kwashe. Sunana ya zagaya gari: Baba Mai Bango bai taɓa mayar wa mutum tufa da danshi ba. Da wannan sunan na samu wankin gidajen manya, da shi na aurar da 'ya'yana. Zafin nan shi ne kaɗai abin da gwamnati ta taɓa ba ni kyauta, shi ma don ba ta san tana bayarwa ba.

To ga shi yau fankokin sun yi tsit. Guda ɗaya ce can a ƙarshe take juyawa a hankali, tana fitar da numfashin da ko hankici ba zai busar ba.

Ina cikin ɗauraye wandunan da na tsamo daga kwata sai ga baƙar mota ta tsaya. Mai Riƙe Jaka ya fito. Kun san shi ko ba ku san shi ba: shi ne mutumin da ke bin Mai Girma Mai Almakashi a baya, yana riƙe masa jaka da waya da lema, yana yin dariya kafin a gama ba da labari. Shi kuwa Mai Girma Mai Almakashi, Allah ya ƙara wa hannunsa lafiya, shi ne babban da duk wani zaren buɗe sabon abu a garin nan ke jira. Ya buɗe rijiyar da ba ruwa, ya buɗe gadar da ba hanya a bayanta, kuma duk ya yi su da murmushi.

Mai Riƙe Jaka ya miƙo mini ƙunshi da hannu biyu kamar jariri.

"Baba, rigar Mai Girma ce. An gwada masa ita jiya, shayi ya ɗiga a gaba. Ranar Alhamis da yamma zai sa ta. A wanke, a sa sitaci, a goge."

Na warware. Farar riga ce mai kauri, nauyinta ya kai na ɗan akuya, an yi mata aikin koren zare tun daga wuya har ƙirji.

Na ce, "Wane zaren za a yanka kuma?"

Ya nuna ginin da leɓe. "Nan. Bikin rage shan wuta. Baba, ka ji ni da kyau. In rigar nan ta samu matsala, ba ita kaɗai za ka rasa ba. Gidan Mai Girma, da na ƙannensa, da na duk wanda ke gaishe shi, ba mai sake kawo maka ko safa."

Na ce, "Yaro, tun kana cikin tsumma nake wanki. Je ka abinka."

Ya tafi. Na dubi rigar, na dubi sama, na dubi bango. Gabana ya faɗi, amma a tsaye ya faɗi, ba wanda ya gani.

Na zagaya ƙofar gaba na ce a kira mini Injiniya. Ita ce mai kula da kwamfutocin, ni ke wanke mata labule, yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa wuce ni babu gaisuwa ba. Ta fito fuskarta kamar an yi mata albishir.

"Baba, ina kwana? Ka ji shiru ko? Mun gama!"

"Kun gama da ni dai. 'Yata, wa ya kashe mini bango?"

Ta kama baki. "Wayyo Baba, wallahi ban tuna da shanyarka ba. Zo ka gani da idonka."

Ta sa aka ba ni wata leda na sa a ƙafa, ni da na taka ƙasashe da takalmin roba, muka shiga. Ɗaki ne dogo, kabad-kabad a jere hagu da dama kamar shagunan kasuwa ranar da aka yi rasuwa. Duk duhu. Can a kusurwa ne kawai wasu 'yan ƙananan fitilu ke ƙyaftawa.

"Ka ga waɗannan?" in ji ta. "Sun fi ɗari biyu. Da can kowane ofishi cewa yake sai an saya masa tasa. Na lasisi tasa, na haraji tasa, na albashi tasa, har a manna sunan ofishin a jiki. Kowace kuma aikin da take yi bai taka kara ya karya ba, yawancin yini zaune take tana jira."

"Kamar masu ita," na ce.

Ta yi kamar ba ta ji ba. "Matsalar ita ce, ko tana aiki ko ba ta yi, wuta take sha. Tana zaune ba ta komai ma sai ta sha wajen rabin abin da za ta sha in tana aiki. Ga zafin da take fitarwa, shi ma sai an ƙona wata wutar kafin a kore shi."

"Shi ne nawa rabon."

"Shi ne naka rabon, Baba. To yanzu sai muka samo masu ƙarfi 'yan kaɗan, ga su can, goma sha biyar. Kowace muka yanka mata ɗakuna a cikinta. Ba da bulo ba, da umarnin da ake rubuta mata. Kowane ofishi aka ba shi ɗaki. In ya shigo sai ya ga kamar kwamfutarsa ce shi kaɗai, ba ya ganin kayan maƙwabcinsa, maƙwabcinsa ba ya ganin nasa. Aikin bai ragu ba, amma wutar ta ragu da fiye da rabi."

Na ce, "Gidan haya ke nan."

"Gidan haya ke nan."

"To ai ni na fara wannan. Kin taɓa ganin na hura wa kowace riga nata dutsen guga? Dutse ɗaya, gawayi ɗaya, rigar attajiri ta wuce, ta direbansa ta biyo, ba wadda ta san da wata. Da kun tambaye ni tun farko, da ba a kai ku ƙasar waje koyo ba."

"Da mun sani, Baba," ta ce, tana danne dariya.

Ni fa ba na ƙin gaskiya ko da ta taka ni. Aikin yarinyar nan ya yi kyau. Har na ba ta shawara kyauta. Na ce tunda hannunta ya faɗa, ta hau benen sama ta yi wa manyan irin wannan. A samo mutum ɗaya mai lafiya, a yanka masa ɗakuna a ka: nan Mai Girma na Sa Hannu, nan Mai Girma na Duba Sa Hannun, nan Mai Girma na Tafiya Taro. Mota ɗaya, kujera ɗaya, na'urar sanyi ɗaya. Su ma ai suna zaune ba sa komai suke shan rabin abin da ake da shi, ga zafin da suke fitarwa in ka je neman haƙƙinka. Ta waiga hagu da dama ta ce in rufa mata asiri, tana da 'ya'ya.

Da za ta raka ni ta ce, "Amma ka yi murna, Baba. Wutar da aka rage, unguwarku za a tura wa. Yana cikin jawabin Mai Girma."

Na kai wannan labari gida, ina tsammanin za a taya ni jimami. Uwar 'ya'yana na jin an ce wuta sai ta miƙe kamar ba ita ke ciwon gwiwa ba. Muna da firji, babban ɗanmu ya saya mata. Rabon da ya yi sanyi tun yana sabo, har ya zama kabad, a ciki muke ajiye takalma saboda ɓera. Nan take ta kwashe takalman ta zubar mini a gaba, ta ɗebo ruwa da sabulu ta shiga wanke shi.

Na ce, "Ke, sana'ata ce fa ke mutuwa."

Ta ce, "Malam, unguwa guda na murna, kai kaɗai ke kuka. Shekara nawa muna shan ruwa kamar na wanka? Ashe wutarmu ce kake shanya wanduna da ita."

"Wandunan nan su suka ciyar da ke."

"To yanzu sai su ciyar da ni da ruwan sanyi. Ɗaga ƙafarka, ka taka mini tsumma."

Kun ji irin goyon bayan da namiji ke samu a gidansa.

Talata na wanke rigar. Tabon shayi ya fita, don tabon da zai gagare ni ba a dafa shi ba tukuna. Na sa sitaci, na matse, na shanya a cikin rumfa. Ruwa kuwa kamar an ɓalle bakin famfo. Laraba na taɓa ta, kamar yanzu na tsamo ta. Mai karatu zai ce, to ka goge ta da dutse mana har ta bushe. Wannan maganar wanda bai taɓa riƙe dutsen guga ba ce. Ka ɗora wuta a kan jiƙaƙƙen sitaci, ya manne, ya yi ja, koren zaren nan ya zuba a kan fari. Ka kanga ta a garwashi, Mai Girma ya shiga taro yana ƙaurin hayaƙi.

Mijin 'yata ya ce zai ara mini ƙaramin janaretansa da fanka, in dai zan samo mai. Na ɗauki jarka na tafi gidan mai. Layi ya miƙe har ya sha kwana ya dawo yana gaida kansa. Na tsaya a ruwa tun hantsi, na ga motoci masu baƙin gilashi suna shiga ta ƙofar fita, ana sara musu. Wani a bayana ya ce an yi alkawarin layin mai ya ƙare daga bana. Na ce ai an cika, ga shi ya ƙare a bakin kasuwa. Ina isa gaba, ina miƙa jarka, mai ba da man ya rataye tiyo ya ce sai gobe in Allah ya kai mu. Na gode masa, na gode wa waɗanda suka ɗora mu a wannan hanya, na ambaci iyayensu ɗaya bayan ɗaya a zuciyata.

Da na dawo, abokina mai faci ya jawo tiyon injin ba da iskarsa.

"Kawo ta nan, Baba Mai Bango, in hura mata. Iska ai iska ce."

"Iskarka warin taya take yi."

"To shi mai rigar ƙanshin me yake yi?"

Na ce ya mayar da tiyonsa kafin a rushe mu tare.

Alhamis da hantsi baƙar mota ta tsaya. Mai Riƙe Jaka ya shigo rumfa, ya kama gefen rigar, ya matsa. Ruwa ya ɗigo masa a takalmi. Wallahi na ga mutum ya tsufa a gabana.

"Baba, ka kashe ni."

"A sa wata mana. Mai Girma ai ba ya rasa riga."

"Wace wata? Don bikin nan aka ɗinka ta! Koren nan alamar tattalin wuta ne. Hotonsa da ita yana manne a duk gari. In na koma ba ita, ni da kai duk mun tashi aiki."

Na ce, "To ni dai abu ɗaya na sani da ke busar da riga irin wannan kafin yamma, kuma ku kuka kashe shi." Na nuna bango.

Ya dubi bango. Ya dubi riga. Ya ciro waya ya koma cikin mota ya ɗaga gilashi. Ban san da wa ya yi magana ba, na dai ga yana rusunawa shi kaɗai a kujera. Kafin in gama hura gawayi sai ga Injiniya ta fito ta ƙofar baya, ba lema, ruwa na dukanta.

"Wa ya ce a kunna?" in ji ta.

Mai Riƙe Jaka ya sauke gilashi kaɗan. "Umarni ne daga sama."

"Babu komai a cikinsu! An kwashe aikin kaf. In na kunna su wuta kawai za su sha, su yi zafi."

"To ai zafin ake so."

"Shekara biyu ina yawo ofis-ofis kafin a yarda in kashe su. Yau da waya ɗaya za a kunna?"

"Injiniya, ni ɗan aike ne. In kina da ja, ga lambar, ki kira saman da kanki."

Ta juyo ta dube ni. "Baba, har da kai?"

Na ce, "'Yata, ni ban ce a kunna ba. Tambayata aka yi me ke busar da riga, ni kuwa ban iya ƙarya ba."

Ta share ruwan fuskarta, ta koma ciki. Can sai na ji ƙasa ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata. Fanka ta farko ta yi tari ta juya, ta biyu ta bi, har layin ya ɗauka gaba ɗaya. Da farko iska mai sanyi, sannan ɗumi-ɗumi, sannan tsohon abokina ya dawo da ƙarfinsa, ya bugi fuskata. Kwamfuta ɗari biyu da 'yan kai, ba lasisi, ba haraji, ba albashi, kowace ta tattara hankalinta a kan riga ɗaya. Tun da aka gina gidan nan ban taɓa ganin ofisoshin gwamnati sun haɗa kai a kan aiki guda haka ba.

Na ja leda a sama saboda ruwa, na rataye rigar a igiya. Iska ta shige ta, ta kumbura, hannuwa suka buɗe, ciki ya turo gaba. Mai faci ya cire hula ya rusuna mata.

"Ranka ya daɗe, an iso lafiya?"

Mai Riƙe Jaka bai yi dariya ba, don ba a ba shi izini ba.

Kafin rana ta karkata riga ta bushe ƙayau. Na goge ta, na ninke, kaifin hannunta kaɗai ya isa yanka zaren ba sai an nemo almakashi ba. Sunana ya tsira. A rubuta wannan da manyan baƙaƙe, mijin 'yata: Baba Mai Bango bai taɓa mayar da tufa da danshi ba.

Da yamma na sa tawa rigar na je bikin, na tsaya a baya inda ake ajiye irinmu. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an kawo janareta biyu don lasifika. Mai Girma Mai Almakashi ya taso cikin farar riga yana ɗaukar ido, ya ce daga yau an kawo ƙarshen almubazzaranci, an kashe injina fiye da ɗari biyu, an rage shan wuta da fiye da rabi, kuma rarar za ta haskaka gidajen talakawa. Sai dai dole ya riƙa ɗaga murya, don ginin da ke bayansa sai gurnani yake yi. Wani ɗan jarida ya ɗaga hannu ya ce, ranka ya daɗe, wannan ƙarar fa? Mai Girma ya waiga, ya saurara, ya yi murmushi ya ce ƙarar ci gaba ce. Aka yi tafi. Ni ma na tafa, don aikin hannuna nake kallo. Injiniya na gefe a tsaye, ita ba a ba ta kujera ba, ta harɗe hannu tana kallon takalminta.

Washegari na zo kwance igiyoyina, na san an gama da ni. Sai na tarar bango na huci. Washegarinsa ma haka. Da na ga Injiniya za ta wuce na tare ta.

"'Yata, mantawa kuka yi?"

Ta yi wata dariya marar daɗi. "Na je kashewa, Baba. Aka ce abin da sama ta kunna, sama ce kaɗai ke kashewa. Na hau sama, aka ce a kawo shaidar cewa an kunna. Na ce ku fito ku saurara. Aka ce a wurinsu injinan nan a kashe suke, Mai Girma ya faɗa a gaban jama'a, kuma ba a kashe abin da yake a kashe."

"Mai Riƙe Jaka fa?"

"Ya ce bai tuna ya kira kowa ba."

"Shi Mai Girman?"

"Ya tafi ƙasar waje karɓar lambar yabo ta tattalin wuta. An dai kafa kwamiti, zai duba in ya dawo."

Na ce ta kawo labulenta, daga yau kyauta zan riƙa wanke mata. Ta ce ta gode, amma ta fi son ta shanya a rana.

To haka muke har yau da nake ba ku labarin nan. Sababbin injina goma sha biyar suna can kusurwa suna yin aikin gwamnati duka, tsofaffi ɗari biyu suna yi mini nawa. Na ƙara igiya uku. Masu wankin da suka yi mini dariya ranar da na faɗi a taɓo, yanzu su ke zuwa gaishe ni da jiƙaƙƙun kaya a ka. Mai faci ya ce in nemi a ba ni ofis a ciki, tunda ni kaɗai ne ɗan ƙasar da ma'aikatar ke yi wa aiki.

A gida ne dai ba daɗi. Wuta ba ta zo ba. Uwar 'ya'yana ta jira, ta jira, firji a buɗe yana shan iska, fes kamar na kanti. Shekaranjiya na shigo na tarar tana mayar da takalma ciki, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ta sa nata, ta sa na jikoki. Nawa ta bar su a waje.

Na ce, "Nawa fa?"

Ta ce, "Kai wa bangonka ya ajiye maka."

Saboda haka, jama'a, in a cikinku akwai wanda ya san ɗan kwamitin nan, ina roƙonsa da girman Allah kada ya tuna masa, ko da yake ban taɓa jin kwamitin da tuni ya tayar ba. Ku kuma da ke zaune a duhu kuna tambayar ina wutar da aka yi muku alkawari, kada ku ce an cinye. Tana nan, na gan ta, ina tsaye a gabanta kullum. Ku haɗo wankinku ku biyo ta bayan dogon ginin, ku zo ku ga kayarku.